Ba-Komai da Jar Fuska

Ƙanina mai gyaran agogo ne, kuma duk layinmu Ba-Komai ake ce masa. Ni na laƙaba masa sunan tun muna yara, don haushi, sai ya bi shi har ya yi furfura. Jikokinsa ma ban tabbata sun san yana da wani suna ba.

Tun yana ƙarami haka yake. Ka taka masa ƙafa, ba komai. Ka cinye masa abinci, ba komai. Wani malamin lissafi ya taɓa zane shi a kan laifin wani yaro daban. Da malamin ya gane ya yi kuskure ya kira shi, sai ƙanina ya ce, "Ba komai, Malam, sannu da aiki." Ni na je na tsaya a ƙofar ajin na faɗa wa malamin abin da ya kamata ya ji, aka koro ni gida. Mahaifiyarmu takan ce ni aka ba bakin mutum biyu, shi aka bar shi da murmushi.

Girma bai sauya shi ba. Mai babur ya taɓa kaɗe shi a bakin titi, ya miƙe yana ɗingishi yana tambaya ko madubin babur ɗin bai fashe ba. Matarsa ta ce a farkon aurensu ta yi ta neman ya yi mata faɗa ko sau ɗaya, don ta san da mutum take zaune. Har gishiri ta taɓa zabga wa miya da gangan. Ya lashe kwano tas, ya sha ruwa kofi bayan kofi, ya ce, "Yau kam ta ji gishiri, madalla."

Bai yi nisa a karatu ba. Wani tsoho ya koya masa gyaran agogo, da ya ƙware sai ya mai da ɗakin gaban gidanmu shago, ƙofarsa na kallon titi. Teburi ne guda da fitila, da gilashin ido ɗaya da yake maƙalawa, da hantsaki, da sukudirebobi ƙanana kamar allura. A bangon da ke gefen titi yake rataye agogunan mutane. A tsakiyarsu akwai wani babba na katako, mai ƙarfe yana lilo a ciki, wanda maigidansa ya bar masa da zai rasu. Da shi yake saita sauran. A wannan aikin kaɗai na san shi da tsanani: agogo ya yi lattin minti guda, ba ya ce masa ba komai. Da waya ta zo sana'ar ta ja baya, ya koma sa batir da sauya maɗauri, amma bai taɓa rufe shagon ba. Ni kuma da mijina ya rasu na dawo gidan, shi ya sa duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Bara ne bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, daidai gindin bangon shagon. Ba feshi yake yi ba balle a taru a kansa. Tsattsafowa yake a hankali, ƙasa ta jiƙe, ba ta bushewa ko da rana ta take. Danshi ya fara hawa bango, fenti ya kumbura, siminti ya fara zubowa kamar gari. Sai ga tsaga siririya daga ƙasa ta nufi taga. Wani magini ya leƙa ya ce in damina ta sami bangon nan a haka, to a kwashe agogunan tun da wuri.

Ba na cikin tsofaffin da ke cewa da ta fi yanzu. Na san ofishin ruwa na da. Ka yi sammako, ka bi layi, ka isa taga a ce mai tagar ya fita, ka dawo gobe a ce fayil ɗinka ne ya fita. Da aka ce yanzu komai ta waya ake yi, ni na fara cewa madalla. A gabana 'yar ƙanina ta cire takardar haihuwar ɗanta tana zaune tana ba shi nono. Wannan aiki ne, don takarda ta zo hannu. Ita ce ta sa wa ubanta manhajar hukumar ruwa a wayarsa kafin ta koma garin mijinta. An haɗa ta da lambar mitar gidan da lambar wayarsa, ba mai kai ƙara a kan gidan sai shi. Ni wayata ƙarama ce mai maɓallai, kira kawai ta iya.

Ya ɗauki hoton ruwan ya aika. Kafin ya ajiye wayar amsa ta shigo: an karɓi ƙararka. Ba a jima ba sai ga mutum a kan babur, magidanci mai ɗan tumbi, da riga mai ƙyalli da gwangwanin fenti na fesawa. Ya duba ƙasa, ya zana jan da'ira kewaye da danshin, ya ɗauki hoto. Ƙanina ya fito masa da kujera da ruwan sanyi, suka gaisa kamar surukai, mutumin ya hau babur ya tafi. Muka zauna jiran masu haƙa. Shiru.

Ƙanina ya sake aikawa. Mutumin ya sake zuwa, wannan karon da shuɗin fenti. Aka sake, ya zo da fari. Kafin wani lokaci gaban shagon ya koma kamar allon 'yan makarantar reno, da'ira cikin da'ira, yara na tsalle daga wannan zuwa waccan. Muka sa wa mutumin Mai Fenti. Tsagar kuwa ta kai taga ta wuce.

Wata rana da hantsi ina zaune a shagon ina tsintar wake, Mai Fenti bai daɗe da tafiya ba, sai wayar ƙanina ta yi ƙara. Ya maƙala gilashinsa ya duba. Na leƙa ta kafaɗarsa. Fuskoki uku ne a jere: koriya tana dariya, rawaya baki a miƙe, ja ta murtuke. A samansu an rubuta: yaya ka ga aikinmu? Yatsansa ya tafi kan koriyar ba ko tsayawa.

Na ce, "Kai, me ka danna?"

"Mai fara'ar, Yaya."

"Fara'ar me? An gyara ne?"

"Ba a gyara ba tukuna, amma ai bawan Allah ya zo. Cikin ranar nan fa."

"Ya zo ya yi maka zane!"

"To ai shi ma aiki ne. Kuma kin ga, mutanen da kake neman abu a wurinsu, ba ka fara da ɗaure musu fuska ba. In suka ga mun gode, sai su ji ƙarfin dawowa."

Sai wani saƙon ya biyo baya. Na ƙwace wayar na karanta da kaina: mun gode, an rufe ƙararka.

"An rufe, ka gani? Ka san ma'anar an rufe?"

"Wataƙila sun rufe ta ne don su buɗe ta wajen manya."

Matarsa tana daga ƙofar ciki da tsintsiya a hannu. Ta ce, "Yaya, ki bar wahalar da bakinki. Ni da na zuba gishiri ma koriya aka danna mini."

Abin bai tsaya a kansa ba. Da yake shi ne mai gilashin ganin ƙananan rubutu, kuma shi ne dattijon layin, duk wanda saƙon ya zo masa sai ya kawo masa waya. Tela da ke maƙwabtaka da mu, wanda famfonsa ya daɗe yana fitar da iska zalla, ya ce mini, "Ai Baba ya ce mu riƙa danna koriya, ita ce ladabi." Wato ya koya wa layi guda godiya a kan abin da ba a yi ba.

Washegari na ɗauki mayafina na tafi ofishin ruwa. Tagogin da muke bin layi a da duk an toshe su da katako, an manna takarda: yi ta wayarka, ka huta. Mai gadi ya ce ba a karɓar ƙara a nan. Na ce ba ƙara na kawo ba, kaina na kawo, na wuce shi. A cikin zauren an kafa wani ƙaton talabijin a bango, taswirar gari a kai, unguwa-unguwa, wasu kore wasu ja. A ƙarƙashinsa wata jami'a ce zaune gaban kwamfuta, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

Na faɗa mata layinmu. Ta danna, fuskarta ta washe.

"Mama, ai ku ne kan gaba! Duk garin nan ba layin da ya kai ku gamsuwa. Ga shi, duk ƙarar da kuka kawo an amsa a kan lokaci, an je a kan lokaci, an rufe."

"Ruwan fa?"

"Wane ruwa?"

"Wanda ke cin bangon ƙanina. Talabijin ɗinku ya nuna miki shi?"

Ta dube ni, ta dubi kwamfuta, ta buɗe hotunan. Da'irorin Mai Fenti suka fito reras, launi-launi. Ta dafe goshi.

"Wayyo, Mama. Wa ke danna muku koriya?"

"Wani mutumin kirki. Allah ya raba ki da irinsa."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta jawo mini kujera. Ta yi mini bayani dalla-dalla, ba ta ɓoye komai ba. Abu uku na'urar ke ƙirgawa: saurin amsawa, saurin zuwa, da fuskar da mai ƙara ya danna. In koriya ce, magana ta ƙare. In ja ce, ƙarar ta haura wajen injiniyoyi, su ne masu motar haƙa. Motar kuma inda ja ta fi yawa take zuwa. Ta nuna mini wata unguwa a taswirar, ja wur kamar an yanka kaza.

"Waɗannan ko gaisuwa ka yi musu ja za su danna maka. An sauya musu bututu kaf."

Na san unguwar. Can ne dangin mijina suke. Ban yi mamaki ba.

Na ce, "To a cikin abubuwan da kuke ƙirgawa, babu inda ake tambaya ko ƙasa ta bushe?"

"Mama, na faɗa a taro har an fara kirana mai ƙorafi. Na ce a riƙa komawa bayan kwana biyu a duba, ko a ƙirga sau nawa gida ɗaya ya kawo ƙara ɗaya. Aka ce za a duba a sabon tsari. Ni nan ba ni da maɓallin buɗe abin da mai shi ya rufe da hannunsa. Ki je ki sa shi ya sake aikawa, in saƙo ya zo ya danna ja. Shi ke nan."

Na miƙe, sai na tuna da wanda zan je in tarar. Na ce, "Jar nan, tana taɓa mai zuwa da fentin?"

Ta mai da takalminta. "A kan sunansa take sauka. Ba kora ba ce, amma ogansa zai kira shi."

"Shi da ba a ba shi ko shebur ba?"

"Shi ne wanda ya je, Mama. Na'ura shi ta sani."

Da na dawo na zayyana wa ƙanina komai. Ban rage masa zancen ogan ba, don ni ba na ƙarya ko da za ta yi mini amfani. Ai kuwa nan ya kama.

"Kin ji ko? Mutum mai iyali, 'ya'yansa na makaranta. In sa a ci masa mutunci saboda bango?"

"Saboda bangon da kake cin abinci a jikinsa!"

"Allah zai kawo mafita, Yaya."

"Ya kawo. Ga ta nan, ja ce, tana cikin aljihunka."

Na yi faɗa, na yi lallashi, abin da ban iya ba. Na kira 'yarsa ta yi masa magana, ya ce mata to, to, ba komai. Na yi niyyar ɗauke wayar in danna da kaina, sai na tarar da zanen yatsansa take buɗewa. Matarsa ta ce mu jira ya yi barcin rana mu aro yatsan. Ban yarda ba. Mutum ya kusa saba'in, ba zan saci yatsansa ba. So nake ya ɗaure fuska da kansa sau ɗaya kafin ɗayanmu ya mutu.

Ana haka hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Tsagar ta buɗe har kana hango hasken titi ta ciki. Sai babban agogon ya fara tsayawa. Irin wannan agogo ba ya tafiya sai bango ya miƙe sak, in ya karkata ko kaɗan ƙarfen lilon sai ya riƙa gogar katako. Ƙanina ya naɗe takarda ya cusa a bayansa, agogon ya ci gaba da tafiya. Bayan kwana kaɗan ya sake tsayawa, ya ƙara takarda. Daga baya sai da ya sa guntun katako. Wata safiya na shigo na same shi tsaye a gabansa, ya tura ƙarfen da yatsa, ya yi lilo kaɗan ya tsaya. Ya sake turawa, ya tsaya. Ranar bai ce "ba komai" ba.

Ya ɗauki waya ya sake aika ƙara. Na ce a raina yau dai. Da azahar Mai Fenti ya iso. Ya kafe babur, ya dubi ƙasa, babu sauran wurin da zai zana da'ira. Ya dubi bangon. Ƙanina ya fito da kujera da ruwa kamar kullum. Mutumin bai zauna ba. Ya cire hular kwano ya riƙe a hannu.

"Baba, don girman Allah, wata alfarma nake roƙo."

"Faɗi, ɗana."

"In saƙon nan ya zo, ka danna ja."

Ƙanina ya zaro ido. "Subhanallahi. Me ka yi mini?"

"Ban yi maka komai ba, Baba, shi ne matsalar. Fenti aka ba ni da waya. Ni ba na haƙa. Duk zuwan da na yi sai na rubuta a turo mota, kai kuma sai ka danna koriya, rubutuna ya bi ruwa. Wallahi kunyar layin nan nake ji. Yara na ganina suna cewa ga mai zane ya zo. Bangon nan in ya faɗo wa wani, da wane ido zan dube ka?"

"Amma an ce ogan naka..."

"Zai kira ni ya yi ta faɗa, in ce a yi haƙuri. Kullum ma sai ya yi, ko da ja ko babu. Ka taimake ni, Baba."

Ka taimake ni. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga fuskar ƙanina ta saki. An zo masa ta inda ba ya iya cewa a'a. Wayar ta yi ƙara, ya maƙala gilashi, ya ɗaga yatsa, ya dubi Mai Fenti.

"Ka yafe ni fa."

"Na yafe, Baba, danna."

Ya runtse ido ɗaya ya danna, kamar mai cire wa jariri ƙaya. Sannan ya ce wa mutumin ya zauna ya sha ruwa, ya kuma ba shi haƙuri har sau ban san nawa ba.

Na ce, "Ni uwa ɗaya uba ɗaya da kai, na yi wata da watanni ina fama, ba ka ji ba. Baƙo ya roƙe ka sau ɗaya ka yi."

"Ai ke umarni kike bayarwa, Yaya. Shi roƙo ya yi."

Matarsa ta ce, "Da na sani tun ina amarya da roƙonsa na yi ya zage ni."

Mai Fenti bai tafi ba sai da ya bi layin gida-gida yana roƙon ja. Tela ya danna tasa yana dariya, ya ce ashe daɗi gare ta.

Motar haƙa ta zo kafin ruwan farko, da kyar. Suka fasa duk da'irorin, suka ciro bututu ya ruɓe kamar tsohon rake, suka sa sabo. Ƙasa ta bushe. Magini ya tokare bangon da katakai, ya sassaƙe ƙasansa ya sake ɗaurewa, ya ce da an ƙara ko kaɗan da sai dai a rushe. Ƙanina ya mai da babban agogon wurinsa, ya zare takardun da guntun katakon, ya tura ƙarfen. Yana tafiya har yau, da shi nake sanin lokacin shan maganina.

Sai dai masu haƙan sun tafi sun bar ramin a buɗe, daidai ƙofar shagon, zurfinsa ya kai ƙugu. Sun ce cikewa aikin wani sashe ne. Suna juya baya na ji wayar ta yi ƙara a cikin shago. Ina tsakar gida, na yar da abin da ke hannuna na taho da iyakar saurin da gwiwoyina suka yarda. Na tarar yana cire gilashi.

"Me ka danna?"

"Yaya, kin ga yadda suka yi gumi kuwa?"

Yanzu katako muka gitta a kan ramin, ta kansa masu kawo agogo ke tsallakowa. Shekaranjiya Mai Fenti ya zo ya zana masa da'ira, rawaya. Ƙanina ya fito masa da kujera.